Alƙali, Koma Ka Buɗe Tuhfa

A ƙasar Bichi da Dambatta da Makoɗa gona dafe take da gona, babu sauran dajin da mutum zai shiga ya sara. Abin da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ne ke rabonsa kunya-kunya, layin gamba ko na bini-da-zugu ne kawai ya raba wannan da wancan. Don haka in rigimar iyaka ko ta gado ta kai gaban alƙali, abincin gida na shekara aka damƙa masa. Yadda ake riƙon wannan amana yanzu yana ba ni tsoro.

Kano ba baƙuwar ilimin shari'a ba ce. A nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami, da mutanen gari suka roƙe shi ya bar musu abin da za su riƙa hukunci da shi. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horar da alƙalai, aka ɗauko malamai daga Sudan. Wanda ya fito daga irin wannan hannu ya sha littattafan Risala da Muhtasar, Tuhfa kuwa a kansa take. Kafin ya nemi shaida sai ya tantance wane ne mai da'awa. Ya san hauzi: bare da ya shekara goma yana noma gona, mai ita na gani bai ce uffan ba, ba a ƙwace ta haka kawai, tsakanin 'yan'uwa wa'adin ya fi haka nesa ba kusa ba, gonar aro da ta jingina kuwa ba sa zama mallaka komai daɗewa. Kuma ba ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, ya tambayi wanda zai sha kaye ko yana da sauran magana.

Wannan 'yar tambaya da ba ta ɗaukar minti guda, rashinta na rushe hukunci a ɗaukaka ƙara. Manomi ya sayar da akuya, ya yi ta zarya birni, a ƙarshe a ce a koma a sake shari'ar daga tushe. Damina ta wuce, gona na kwance cikin ciyawa, 'yan ɗaki ɗaya ba sa gaisawa ko a wurin jana'iza. Wani lauyan ma sai ya kai ƙarar mallakar gona Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, alhali sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita huruminta ga irin su aure, gado, wasiyya da waƙafi, Kotun Ƙoli kuma ta sha nanata haka. Kuɗin talaka ya tafi a banza don wani ya yi ƙyuyar karatu.

Daga sama ma abin ba daɗin ji. A Nuwamban 2023, takardar hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara kan zaɓen gwamnan Kano ta fito da sakin layin da ya ci karo da abin da aka karanta a zauren kotu, aka ce kuskuren rubutu ne. A Mayun 2024, kan rikicin masarautar Kano, Babbar Kotun Tarayya da ta Jiha suka ba da umarni masu karo da juna, har Alƙalin Alƙalan Najeriya na lokacin, Olukayode Ariwoola, ya kira shugabanninsu. Ƙaramin alƙalin ƙauye yana kallo, yana ɗaukar darasi.

Masu naɗa alƙalai, ku ji tsoron Allah, ku zaunar da mutum ku buɗe masa babin shaida da na gado ya karanta ya fassara, ku bar duba wasiƙar wanda ya turo shi. Kai kuma malam alƙali, kada ka yanke rigimar iyaka daga kan kujera. Taka ka je gonar, ka kira dagaci da mai unguwa da maƙwabtan gabas da yamma, ka sa a tona gindin tsohuwar gamba a gaban kowa, sannan ka rubuta abin da ka gani da sunayen waɗanda suka halarta.