Shin Alfarmar Masallaci Tana Rushewa Tare da Gininsa?

Masallacin da aka gina da ƙasa yana rayuwa ne da hannun jama'arsa, domin tubali, wato curin ƙasa da ake busarwa a rana kafin magina su jera shi, ba ya jure damina sai da yaɓe a kai a kai. Azara kuwa, itacen giginya da ake ɗora rufi a kansa, tana iya daɗewa ƙwarai, amma da zarar indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, sai rufin ya yi nauyi ya burma, daga nan bangaye su riƙa zaizayewa har su koma tudu. Shi ya sa kufaifan Zamfara ba su yi kama da kangayen majami'un dutse na Turai ba, waɗanda suke tsaye ɗaruruwan shekaru babu rufi. Dutsi ta ƙasar Zurmi, inda tarihin baka ya ce sarautar Zamfara ta faro, da kaburburan sarakunanta aka fi saninta. Birnin Zamfara da Sarkin Gobir Babari ya ci a ƙarni na 18, da Alƙalawa da ta faɗi a 1808, duk sun zama kufai. Ko hasumiyar Gobarau ta Katsina, wadda ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, gyara ne ya tsayar da ita, masallacin da take jikinsa kuwa ya tafi.

Abin tambaya shi ne hukuncin filin da ginin ya bari. Masallaci wakafi ne, wato dukiyar da mai ita ya fitar daga mallakarsa saboda Allah, ba a sayar da ita, ba a kuma gadonta. Malikiyya, mazhabar da malaman ƙasar Hausa suke bi, ta tsaya a kan cewa wakafin ƙasa da gini ba a sayar da shi ko da ya rushe, kamar yadda ɗaliban zaure suke karantawa a Risalar Ibn Abi Zaid. A cikin Hanafiyya, Muhammadu Shaibani ya ce fili yana komawa ga wanda ya bayar ko magadansa, Abu Yusuf kuma ya ce yana nan a matsayin masallaci har abada. Hambaliyya sun halatta musanya shi, suna kafa hujja da umarnin Sayyidina Umar na matsar da masallacin Kufa.

Ra'ayin Malikiyya ya fi dacewa da ƙasar da gininta yake narkewa, domin da alfarma ta rataya a kan bango, da damina kaɗan sun isa su shafe ta. Abin da aka bayar tun farko shi ne wurin sujada, bango kuwa hidima yake yi masa. Batun kuma bai tsaya ga tsoffin birane ba, abin baƙin ciki, tunda ƙauyuka da dama tsakanin Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda sun watse saboda 'yan bindiga, masallatansu suna tsaye babu mai yaɓe. Idan zaman gudun hijira ya yi tsawo, dattawan da suka san inda alƙibla take da inda harabar ta ƙare za su ƙaranta, mai garma kuma zai shiga bai sani ba. Rubuta iyakokin waɗannan filaye tun masu shaida suna raye aiki ne da ya hau kan limamai da dagatai da alƙalan yankin.