Wanda Ya Fāɗi, Yana da Wuri a Teburin Ubangiji?

In ana maganar tsananin da masu bi na farko suka sha a hannun Romawa, mukan tuna da shahidai, waɗanda aka jefa wa karnuka ko aka ƙone a zamanin Kaisar Nero a shekara ta 64. Daidai ne mu tuna da su. Amma yau ina so mu dubi waɗanda ba mu cika ambatonsu ba, wato waɗanda tsoro ya rinjaye su.

A shekara ta 250 Kaisar Desiyus ya umarci kowa a mulkinsa ya miƙa hadaya ga allolin Roma a gaban jami'an hukuma, a ba shi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu sama da 40 a ƙasar Masar, da sunayen mutane a jikinsu. Abin da ake nema kaɗan ne a ido: ka zuba ruwan inabi, ka ɗanɗana naman hadaya, ka koma gida lafiya. Fabiyan, bishop na Roma, ya mutu tun farkon tsananin. A Kartaj kuwa, kusa da birnin Tunis na yau, masu bi da yawa suka je suka yi hadayar, wasu tun ba a kira su ba. Wasu suka ba da kuɗi a ɓoye suka sayi takardar ba tare da sun taɓa bagaden ba. Bishop ɗinsu, Sifriyan, ya bar gari ya ɓuya, yana kiwon garken da wasiƙu, abin da ya jawo masa surutu.

Desiyus ya mutu a fagen yaƙi a 251, tsanani ya lafa. Sai ga waɗanda suka fāɗi a ƙofar ikilisiya suna roƙo a karɓe su.

To, ɗan'uwa, sa kanka a wurin gwauruwar da mijinta ya mutu a kurkuku saboda ya ƙi yin hadaya. Ranar Lahadi ta ga maƙwabcinta, wanda takardarsa ke ajiye a gida, yana miƙa hannu ga gurasar Jibin Ubangiji. Ba za ta tambaya ko mijinta ya mutu a banza ba? Wani dattijon ikilisiyar Roma mai suna Nobatiyan ya ce ikilisiya ba ta da ikon mai da irin waɗannan cikin zumunci, a bar su ga Allah kaɗai. Kada ka yi saurin ce masa mai taurin zuciya. Yana tsoron kada gafara ta yi araha har aminci ya rasa daraja. A ɗaya gefen kuma, wasu da suka sha azaba suka fito da rai sun shiga rubuta wa mutane takardun sulhu barkatai, ba tare da an ga alamar tuba ba.

Sifriyan da Karniliyus, sabon bishop na Roma, ba su bi ko ɗaya ba. Taron bishop-bishop a Kartaj a 251 ya ce a duba kowa da halinsa. Wanda ya sayi takarda a karɓe shi bayan ya tuba. Wanda ya yi hadayar da hannunsa ya daɗe cikin tuba, amma kada a bar shi ya mutu a waje. Da suka ga alamar sabon tsanani na tafe, sai suka buɗe ƙofa ga dukan masu tuba, domin a ganinsu ba a tura mutum fagen fama da yunwa.

Ni dai ina ganin sun yi daidai, ko da yake zuciyata na wurin gwauruwar nan. Dalilina shi ne Bitrus. Ya yi musun Ubangijinsa sau uku, ba a gaban Kaisar ba ma, tambayar wata baranya ce ta fara kā da shi, kuma shi aka danƙa wa kiwon tumaki. Gafarar ba ta ce laifinsa ƙarami ne ba, ai ya yi kuka mai zafi. Kai da ba a taɓa sa maka wuƙa a wuya ba, me ya tabbatar maka a wane layi za ka tsaya a ranar?

Ikilisiyar da ta karɓi raunanan nan ba ta rushe ba. A 251 ta Roma kaɗai tana ciyar da gwauraye da mabukata sama da 1,500. Da annoba ta auka wa Kartaj, Sifriyan ya gargaɗi masu bi su yi jiyyar kowa, har waɗanda ba Kirista ba. Jama'ar Nobatiyan sun ci gaba a ware shekaru aru-aru kafin su shuɗe.

Sifriyan kansa, wanda aka yi wa gorin ɓuya, an sāke nemansa a zamanin Kaisar Baleriyan. Wannan karo ya tsaya. Aka umarce shi ya yi hadaya, ya ƙi, aka fille masa kai a ranar 14 ga Satumba, 258, taron masu bi na biye da shi har wurin.