Hukuncin cinikin tsofaffin takubban tagulla

Tambaya: Ina sana'ar kayan tarihi a nan Totsi, a ƙasar Togo, masu sayena Turawa ne da 'yan yawon buɗe ido. Ana kawo mini takubban tagulla, wasu an ce tono su aka yi, wasu kuwa na san sabon zubi ne aka tsofar da su. Ribar halal ce?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Alhaji, tagulla abu ne mai tsarki, kuma wanda ya sayi tsohon takobi don ado ko ilimi ya sayi abu mai amfani, cinikin ya halatta a asalinsa. Matsalar tana wajen yadda takobin ya zo hannunka da abin da kake faɗa wa mai saye.

Wanda aka tono, in binnewar mutanen jahiliyya ce, shi ne rikazi, kuma hadisi ya tabbata cewa ana fitar da humusinsa. Shehu Halilu a Muhtasar bai taƙaita shi ga zinariya da azurfa ba, saboda haka tagulla ta shiga. Sauran kashi huɗun na mai ƙasar da aka tona ne, in tana da mai ita. Shehu Halilu kuma ya karhanta tona kabarin jahili don neman dukiya. In kuwa da alamar Musulunci a jiki, kamar rubutun aya, tsintuwa ce, sai an yi cigiya.

Ga kuma dokar hukuma, wadda take wajibi a bi tunda maslaha ce. Najeriya ta hana fitar da kayan tarihi ba izini a dokarta ta 1979, Togo ma ta yi tata a 1990, bayan yarjejeniyar UNESCO ta 1970. Dalilinsu a fili yake. Tagullar Igbo-Ukwu, da Thurstan Shaw ya tono a 1959 da 1960, an gane ta kai shekara dubu ne domin an nazarce ta a inda take kwance. Maƙabartun Bura na Nijar kuwa, mahaƙa sun wawashe su, ilimi mai yawa ya salwanta. Abin yana ci mini rai, domin muna kukan abin da sojan Ingila suka kwashe a Benin a 1897, sannan mu loda namu a jirgi da hannunmu. Duk takobin da ka san ta ɓarauniyar hanya ya tsallako iyaka, ko an sato shi daga fada ko ɗakin tsafi, kada ka saye shi, kada ka yi dillancinsa. Kayan wanda ba Musulmi ba ma haramun ne a sace.

Sabon zubi, irin na Fumban a Kamaru, ka sayar ka ci riba. Amma a binne shi a ƙasa ko a zuba masa gishiri ya yi koriyar tsatsa, sannan ka ce na kakanni ne, ko ka yi shiru kana ganin mai saye ya ruɗu, wannan algus ne, kuma Annabi (SAW) ya barranta daga mai algus. Kasancewar mai sayen Bature bai sauya hukunci ba. Wanda ka riga ka yaudara yana da zaɓin mayar da kaya. In ba ka same shi ba, ka yi sadaka da rarar kuɗin, ka tuba.

Wallahu a'alamu.