Jarin Mumini Kwanakinsa: Nasiha Kan Wasan Da Ba Ya Ƙarewa

Godiya ta tabbata ga Allah, Mamallakin zamani, wanda ya ba kowane rai kwanaki ƙidayayyu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, ina yi wa kaina wasiyya da tsoron Allah, ina kuma yi muku. Nasiharmu ta wannan fitowa ta shafi wani irin wasa da ake yi ta intanet, wanda ya faro a kwamfuta, yau kuma ya shigo wayoyin salula da ke hannun samarinmu a cikin fada da ɗakunan kwana.

Ku sani, wasannin da muka gada, dara ko langa ko kokawa, kowane yana da ƙarshe: a yi ci ko a yi kaye, a karkaɗe riga a tafi gida. Wannan kuwa an gina shi ne don kada ya ƙare. Mai wasa yakan zaɓi wani jarumi na hoto ya raɗa masa suna, ya shiga da shi wata duniyar ƙage inda dubban mutane daga ƙasashe dabam-dabam suke wasa lokaci guda. Jarumin yana yaƙi, yana tara dukiya da makamai, yana hawa daraja bayan daraja. Kafin ya kai ƙarshe, kamfani ya ƙara sabuwar ƙasa da sababbin darajoji. Sannan masu wasa sukan haɗu runduna-runduna, su sa lokacin fita yaƙi, wanda bai zo ba a zarge shi da saɓa alkawari. Mafi shahara a cikinsu shi ne World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a shekarar 2004. A 2010 masu biyan kuɗinsa sun kai miliyan 12, kuma akwai waɗanda suka fara shi suna samari, furfura ta same su a cikinsa.

Ya bayin Allah, Musulunci bai hana hutu da raha ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ya kuma bar Habashawa suka yi wasan masu a cikin masallacinsa. Amma Imamu Malik, Allah ya jiƙansa, ya ƙi wasan shaɗaranji, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, kuma malamai sun ambaci shagaltarwarsa cikin dalilan ƙinsa. To, idan haka suka ce game da wasan da ake tashi daga gare shi bayan sa'a ɗaya ko biyu, ina ga wanda ake shekara goma a cikinsa?

Mu yi lissafi. Wanda yake ba wasa sa'a 3 kowace rana, a shekara 10 ya ba shi sa'a 10,950, wato kwana 456 dare da rana, shekara ɗaya da wata uku cur, ba barci ba cin abinci. Da rabin wannan wani ya haddace izifi masu yawa, wani ya ƙware a ɗinki ko gyaran babur ya ciyar da iyali. Bukhari ya ruwaito hadisin Ibn Abbas da ke nuna cewa lafiya da sararin lokaci ni'imomi ne biyu da mutane da yawa suke tafka asara a cikinsu. Tirmizi kuma ya ruwaito cewa ranar ƙiyama za a tambayi bawa rayuwarsa a me ya ƙarar da ita, da ƙuruciyarsa a me ya tsufar da ita.

Sa'annan ku duba abin da mai wasa ya tara: na wane ne? Jarumin da makamansa duk suna ajiye ne a cikin na'urorin kamfani. A watan Janairu na 2023, yarjejeniyar Blizzard da kamfanin NetEase ta ƙare, aka rufe wasan a ƙasar Sin. Mutanen da suka yi shekaru suna gini suka wayi gari ƙofa a kulle, ba a sake buɗe ta ba sai a 2024. Wasu wasannin kuwa an rufe su har abada. Mutum ya noma gonar aro shekara goma, mai gona ya karɓe ta da amfanin. Ita kuwa raka'a biyu ta asuba, ba kamfanin da ke iya shafe ta daga littafinka.

Cutarwar ba ta tsaya ga mai wasa kaɗai ba. A 2010 kotu a Koriya ta Kudu ta sami wasu ma'aurata da laifi, bayan jaririyarsu ƴar wata uku ta mutu da yunwa, alhali su suna gidan intanet suna renon wata yarinyar hoto a cikin wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a 2019, ta sanya kamuwa da wasa cikin jerin cututtuka, ta ambaci alamominsa: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da ya ga ɓarnar da yake jawo masa.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa mai wannan wasa, auna kanka da ma'auni uku. Na farko: in ladan ya kira salla kana tsakiyar yaƙi, wa kake amsa wa, ladan ko runduna? Na biyu: shin ka taɓa tauye haƙƙin iyaye, ko na mata da ƴaƴa, ko karatu, ko kuɗin cefane saboda shi? Na uku: shin kana biyan kuɗi don buɗe akwatin da ba ka san abin da ke ciki ba? Wannan siffar caca ce, har ƙasar Beljiyam ta ɗauke shi a matsayin caca a 2018. In ɗaya daga cikin ukun ya same ka, to wasan ya fita daga halas a gare ka, barinsa ya zama wajibi. In babu ko ɗaya, ka yanka masa lokaci kaɗan, kada ka bari ya ci darenka har ya hana ka asuba.

Kada ka yanke ƙauna. Wanda ya iya dawwama shekaru a kan abu ɗaya, yana cika alkawarin mutanen da bai taɓa gani ba, ya nuna yana da haƙuri da naci. Juya su zuwa sahun farko da zauren karatu da wurin sana'a. Ku kuma iyaye, kada ku fara da zagi da fasa waya. Ku zauna da yaro ku ƙidaya sa'o'in tare, ku ba shi aikin da zai cike gurbin, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ya Allah ka sanya albarka a cikin kwanakinmu, ka shiryi zuriyarmu, ka sa mu cika da imani. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.