Tsohon Kaya da Faɗin Gaskiya

A Ingila akwai wata irin kasuwa wadda za mu iya kira kasuwar bayan mota. Yawanci ranar Lahadi da sassafe take ci, a filin gona, ko filin makaranta, ko wurin ajiye motoci. Mai gida yakan tattara kayan da ba ya bukata kuma, kamar tufafin da yara suka fi ƙarfinsu, tukwane, littattafai, rediyo da kayan wasa. Sai ya loda su a but ɗin motarsa, ya biya kuɗin fili, ya kafa tebur ya baje su. Masu sayarwa galibinsu ba 'yan kasuwa ba ne. Mutane ne masu so su rage tarkace a gida, su kuma sami ɗan abin sawa a aljihu. Ba rasit, ba alkawarin mayar da kaya, mai saye da mai sayarwa kuma da wuya su sake haɗuwa.

Wannan kasuwa tana ta da wata tsohuwar tambaya. Idan mutum ya san aibin abin da yake sayarwa, mai saye kuwa bai sani ba, bai kuma tambaya ba, wajibi ne mai kaya ya faɗa? Ko shirunsa ba laifi, tun da bai yi ƙarya da bakinsa ba?

Dokar Ingila ta raba ɗan kasuwa da mai sayar da kayan gidansa. Dokar kare masu saye ta 2015 ta ɗora wa ɗan kasuwa nauyin ba da kaya masu inganci. Amma mai sayar da nasa na gida, abin da ake nema gare shi shi ne kayan su zama nasa, su kuma dace da bayanin da ya yi. In ya ce rediyo tana aiki alhali ba ta yi, ya karya doka. In ya yi shiru, mai saye ne zai buɗe idonsa. To, doka ke nan. Sai dai doka takan shata mana iyakar da in mun ƙetare za a hukunta mu. Ba ta ce duk abin da ke cikin iyakar ya kyautu ba.

Mutanen dā ma sun yi gardama a kan wannan. A shekara ta 44 kafin haihuwar Almasihu, Sisero na Roma ya kawo misalin mutum mai sayar da gida, wanda ya san katakon ginin ya ruɓe, macizai kuma suna shiga ɗakunan kwana, amma ba wanda ya sani sai shi. Ya kawo ra'ayin malamai biyu. Diyojinis yana ganin mai kaya ya faɗi abin da doka ta tilasta masa kawai, gama bai tilasta wa kowa saye ba. Almajirinsa Antifata ya ƙi, domin a ganinsa barin mutum ya faɗa cikin hasara kana kallo daidai yake da ƙin nuna wa ɓatacce hanya. Sisero ya goyi bayan almajirin.

Toma Akwinas, malamin ikkilisiya wanda ya rasu a 1274, ya raba aibi kashi biyu. Akwai na fili, kamar doki mai ido ɗaya. Wannan ba sai an yi shela ba, muddin an rage kuɗin daidai da aibin. Bahaushe ma ya ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Akwai kuma ɓoyayyen aibi wanda zai jawo wa mai saye hasara ko haɗari, kamar gurgun dokin da aka sayar a matsayin mai gudu. Wannan dole a faɗa.

Mu kai wannan ma'auni kasuwar bayan mota. Kofin da bakinsa ya ɓantare kowa yana gani, sai a yi masa kuɗin ɓantararren kofi a wuce. Amma tukunyar dafa ruwa ta lantarki wadda wayarta ta taɓa jan mutum fa? Ko kujerar jariri ta mota wadda ta taɓa shiga hatsari, ta tsage ta ciki inda ido ba ya kaiwa? Uwar da ta saya za ta ɗaure ɗanta a ciki da kwanciyar rai. Wanda ya karɓi kuɗinta ya yi shiru ya sayar mata da haɗari, ko da bai furta ƙarya ko ɗaya ba.

Wani zai ce, "Ai da araha na ba shi. Wanda ya sayi abu a fam biyu ya san cinikin biri a sama ya yi." Akwai gaskiya a nan. Mai zuwa irin wannan kasuwa ya yarda da kasada, ba ya kuma sa ran sabon kaya. In mai kaya da kansa bai san ko agogon yana tafiya daidai ba, ya ce bai sani ba, ciniki ya halatta, gama su biyu duhunsu ɗaya. Amma in ɗaya ya sani, ɗayan bai sani ba, kasadar ta mutum ɗaya ce. Fam biyun ma da mai saye ya bayar, don yana zaton abin zai yi aiki ne. Da ya ji gaskiya, da ko sisi bai bayar ba. Ashe kuɗin da aka karɓa kuɗin rashin saninsa ne.

Mai saye ma bai kuɓuta daga wannan tambaya ba. A cikin shekarun 1980 an sayi wani zobe a fam 10 a irin wannan kasuwa, a harabar wani asibiti a yammacin Landan. An yi shekaru ana sa shi da zaton gilashi ne, ashe lu'ulu'u ne na gaske mai nauyin karat 26. A 2017 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a kan fam 656,750. Ba wanda za a zarga a wannan ciniki, domin a ranar sayen ba wanda ya sani. Amma akwai dillalai masu sammako, waɗanda sukan kewaye mota tun kafin a gama sauke kaya. A ce ɗayansu ya gane tsohon kasko mai daraja a teburin gwauruwar da take sayar da kayan mijinta, ya taɓe baki ya ce tarkace ne, ya taya fam ɗaya. Littafin Karin Magana, sura 20, ya san wannan mutum: yakan kushe kaya a gaban mai shi, in ya juya baya sai fariya. Sanin dillali sana'arsa ce, ya sha wahala kafin ya same shi, yana da hakkin cin riba da shi. Kushen ƙarya kuwa zamba ce. In bambancin kuɗin mai yawa ne ƙwarai, mai kayan kuma mabukaciya ce, abin da ya kyautu shi ne ya gaya mata ta kai a kimanta shi, ko ya ba ta kuɗin da ba zai ji kunyar faɗa a gaban jama'a ba.

Da azahar kasuwa takan watse, saura kayan da ba wanda ya taya. Da yawa sukan kai su shagunan agaji irin na Oxfam. Tufafin da shagunan agaji ba su sayar ba, akan ɗaure da dama cikinsu dila dila a tura ƙetare, har kasuwar Kantamanto ta Akara, inda 'yan gwanjo sukan biya kuɗin dila ba su ga cikinta ba. In sun kwance suka tarar da tsummoki, hasarar tasu ce. Saboda haka wanda ya cusa yagaggiyar riga cikin buhun agaji don ya huta da ita, kada ya lasafta ta cikin kyautarsa. Ya tura sharar gidansa ne zuwa wurin wanda bai sani ba.

Mai karatu, sayar da abin da ba ka bukata abu ne mai kyau. Yana hana ɓarna, yana kuma sa mai ƙaramin ƙarfi ya sami abin da ba zai iya sayen sabonsa ba. Ko a filin Ingila kake, ko za ka sallamar da tsohon kekenka ga maƙwabci, gwaji ɗaya ya isa. Ka tambayi kanka, "Da ya san abin da na sani, zai biya kuɗin nan?" In amsa i ce, karɓi kuɗinka da farin ciki. In a'a ce, ka faɗa masa aibin, ka rage kuɗin, ka bar shi ya zaɓa da kansa.