DA KAN ƊAN WA AKE KOYON ASKI?



Duk wanda zai koyar a firamare a Najeriya, mafi ƙarancin abin da ake nema gare shi shi ne NCE, karatun shekara 3. Cikin shekarun nan akwai zangon da ake tura ɗalibi makaranta ya gwada koyarwa, abin da muke ce ma TP. 'Ya'yanmu na Batsari da Safana da ke karatu a kwalejin Isa Kaita ta Dutsin-Ma ko FCE Katsina duk sai sun bi ta nan. Tambayata: ya halatta a koyi sana'a a kan yaron da bai san gwaji ake yi da shi ba?

Wani matashi da ke sallah a masallacinmu ne ya jawo maganar. Satinsa biyu a wata firamare da ba zan ambata ba. Ranar farko malamin ajin ya miƙa masa alli, ya ce "ga yaranka nan", bai sake leƙowa ba. Aji cike maƙil, rabi a ƙasa. Ya rubuta darasin da ya kwana yana shiryawa, ya juyo ya tarar da yawansu ba su rarrabe baƙaƙe. Akwai wani dogon yaro a baya, ya girmi ajin nesa ba kusa ba, iyayensa sun gudo daga ƙauyukan bakin dajin Rugu. Da babur ya wuce da gudu sai ya miƙe tsaye. Matashin ya ce mani: "Allah gafarta Malam, ni fa maki nake nema, su kuma zangonsu ke tafiya. Ba ni da alhakinsu kuwa?"

Wallahi tambayar ta fi ƙarfin shekarunsa.

Koyo a kan mutane dai babu makawa. Wanzami a kan mutum ya fara, likita ma haka. In aka hana sabon malami shiga aji, an hana samuwar malamai ke nan. To amma malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan lamunin masu sana'a: in ka kai wa tela yadi ya lalace a hannunsa, shi zai biya. In kuma yaron shagonsa ne ya ɓata, mai yadi maigidan zai kama, domin shi ya karɓi amanar. Ban ce wannan ƙiyasi ne da za a kai gaban alƙali ba, amma ma'anar ta fito. Iyaye wa suka damƙa wa yaron? Malamin da ke karɓar albashi a kan ajin, da hedimasta. Wanda ya mayar da zuwan ɗan TP hutunsa, ya tafi gona ko kasuwa, nauyin zangon nan yana wuyansa. Yadi ma ana sayo wani. Yaron da 'yan bindiga suka riga suka cinye masa shekara biyu, a ina za a sayo masa wata uku?

Shi ma ɗalibin bai kuɓuta gaba ɗaya ba. Na ce masa alhakinsa yana farawa ne daga ranar da ya ɓoye abin da ya gani. Akwai masu zaɓar yara biyar masu ƙoƙari, su haddatar da su amsa saboda ranar da mai duba aiki zai zo, sauran kuma a ce su yi shiru. Maki zai fito, amma wannan ha'inci ne, ko da an sa masa hannu da jan biro.

Abin da muka tsayar da shi: ya koma kan baƙaƙe ko da littafin shirin darasi ya ce an wuce nan, ya rubuta haka a littafin ba tare da kwaskwarima ba, ya kuma je ya roƙi malamin ajin, cikin ladabi, ya riƙa zama a baya ko sau biyu a sati. Dogon yaron kuwa ya dawo da shi gaba, nesa da taga.

Wallahu a'alam.