Ɗan Tsuntsun da Ka Ciro a Tsibirin Madalen

Ɗana, na ga hotunan da ka turo daga Sanagal. Allah ya karɓi ziyarar Kaulaha. Sai dai guda ɗaya bai yi mini daɗi ba, wanda ka zura hannu cikin tsagar dutse ka ciro ɗan tsuntsu kana dariya, a tsibiran Madalen. Ƙanenka ya ce da ya yi maka magana, cewa ka yi ai wurin ba kowa.

Haba ɗana. Mutane ne ba sa zaune a can. 'Yan duwatsu ne baƙaƙe da aman wuta ya bari a cikin teku, kamar kilomita 4 yamma da Dakar, ba rafi, ba gona. Ka dai ga kukokin da ke kan babban tsibirin, Sarfan, yadda iskar teku ta hana su miƙewa, suka zama gajeru suna rarrafe a ƙasa. Abin da ya rayu a irin wannan wuri, da ƙyar ya rayu.

Tsuntsun nan fari mai jan baki da doguwar jela, rayuwarsa duk a kan teku take, ba ya sauka tudu sai zai yi ƙwai. Ƙwai ɗaya tak uwar ke sakawa. Wuraren da yake hayayyafa a Afirka ta Yamma kaɗan ne ƙwarai, nan da tsibiran Kef Bad ne sanannu. To ka ciro ɗan ka ajiye a rana, uwa ta firgita ta tashi. In ya mutu, wahalarta ta bana ta tafi a banza saboda hoto.

Tun 1976 gwamnatin Sanagal ta killace wurin ya zama gandun da doka ke karewa. Kafin ita ma, masuntan Lebu na girmama shi, suna cewa mazaunin aljanin da ke tsaron Dakar ne. Ban ce ka ɗauki wannan aƙida ba, amma baƙo ba ya raina abin da masu gari ke kaffa-kaffa da shi, balle wanda ya fito daga ziyarar malamai.

Na san ƙuruciya ce, ba mugunta ba. Ka cire hoton nan daga Facebook kada abokanka su kwaikwaya. In ka sake hawa kwalekwale daga Sumbejun zuwa tsibiran, ka tsaya inda ma'aikacin gandun ya tsayar da kai, ledar ruwanka kuma ka dawo da ita cikin aljihu.

Ka kira mahaifiyarka, tana ta tambayar ranar dawowarka.